Amsata kan shirin Antigoni: an datse hujjar sarki, mu kuma muna gardamar sutura

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Na saurari muryoyin da aka turo game da shirin nan na dokumentari da muka kalla, wanda ya bi wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo tun daga ɗakin gwaji har zuwa ranar da suka kai tsohon wasan Girkawa mai suna Antigoni gaban ɗaliban sakandare, daga baya kuma aka ɗauke shi da kyamara aka haska a sinima. Tunda an nemi jin ta bakina, zan amsa wa mutum uku. Malam ya ce an ci mutuncin wasan, domin an sa wa sarki kwat da nektayi, an miƙa wa 'yan amshi, wato rukunin da ke waƙa da sharhi a cikin wasan, wayoyi da makirfo kamar 'yan jarida, an kuma datse maganganu. Hajiya ta ce ita dai ta ga yara sun natsu har ƙarshe, kuma wannan ya wadatar da ita, sai dai ta tambaya ko abin da aka haska a allo ya cancanci a ci gaba da kiransa wasan dandamali. Ƙanenmu kuwa cewa ya yi, me ya sa ake ƙarar da ƙarfi a kan labarin da ya haura shekara 2,400, maimakon a zauna a rubuta sabo.

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, na yarda da kai cewa an yi wa wasan nan ɓarna. Inda muka rabu shi ne wurin da ɓarnar take, domin a ganina tun da aka fara wannan muhawara an bar jaki ana dukan taiki.

Saboda waɗanda ba su samu kallo ba, ga labarin a taƙaice. Sofokilis ne ya rubuta shi a birnin Atens, kuma masana sun fi ajiye shi wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. 'Yan'uwa biyu maza suka yi rikicin sarautar birnin Tibis, ɗaya yana ciki yana tsaron gari, ɗayan ya fita ya ɗauko rundunar baƙi ya kewaye garin, suka yi gaba da gaba a ƙofa, kowa ya kashe ɗan'uwansa. Kawunsu Kiriyon ya hau mulki, ya sa aka binne wanda ya kare gari cikin girmamawa, ya kuma kafa doka cewa a bar gawar wanda ya kawo yaƙi a fili ga tsuntsaye da karnuka, kuma duk wanda ya rufe ta hukuncinsa kisa. 'Yar'uwarsu Antigoni ta je ta watsa wa gawar ƙasa da hannunta, aka kama ta, ba ta musa ba. Kiriyon ya sa aka toshe ta a cikin kogo da ranta. Daga baya wani makaho mai duba ya gargaɗe shi har ya sauko daga kan bakansa, amma kafin a buɗe kogon ta riga ta rataye kanta, ɗan sarkin, Haimon, wanda aka yi musu baiko ya kashe kansa a kan gawarta, matarsa ma da ta ji labari ta bi ɗanta.

Bari in fara da suturar. Idan muka ce a bar wasa yadda yake tun asali, sai mu tambayi kanmu wane asali muke nufi. A Atens maza uku kacal ke raba dukkan maganganun taurarin wasa a tsakaninsu, kowanne sanye da fuskar aro da ke rufe kansa gaba ɗaya, 'yan amshi kuma su 15 suna waƙa suna rawa, da rana tsaka, a gefen tudu, a cikin gasar bikin shekara. Kiɗan da aka yi wasan da shi ya ɓace, ba wanda ya san sautinsa a yau. Wannan yana nufin Antigoni ta farko namiji ne ya fito a matsayinta. Saboda haka yarinyar da muka gani a shirin, da fuskarta a buɗe da hawayenta na gaske, ita kanta canji ce da ta fi kwat ɗin sarki girma nesa ba kusa ba, amma ban ji wanda ya yi ƙorafi a kanta ba. Haka abin yake a wajen Shekisfiya, shahararren marubucin wasannin Ingila. Akwai wani zane da ya saura daga wajen shekarar 1595 na ɗaya daga cikin wasanninsa na Rumawa, inda tauraron ya yafa mayafi irin na Rum, sojojin da ke bayansa kuma suna sanye da kayan sojan Ingila na zamanin. A wasansa na Yuliyas Kaisar har agogo yana bugawa ana ƙirga sa'a, alhali Rumawan wancan lokaci ba su da irin wannan agogo. A gidan wasan Globe, wanda aka gina a 1599, yara maza ne ke fitowa a matsayin mata, kuma sai a 1660 mace ta fara hawa dandamalin Ingila a matsayin sana'a. Ko sa wa tsohon wasa kayan zamani da gangan ma ba jiya aka fara ba, domin a 1925 an yi wasan Shekisfiya mai suna Hamlet a Landan da kwat da wando irin na 'yan kallon da suka zo, aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu, ga shi yau kusan shekara 100 ke nan.

Ni kam fitowar da sarki ya tsaya gaban jerin makirfo yana karanta dokarsa, 'yan amshi kuma suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, ta yi mini daidai. 'Yan amshin Sofokilis dattawan gari ne da ke ganin komai, suna tofa albarkacin bakinsu, amma ba sa hana komai faruwa. Mutumin da ya ɗaga waya yana ɗaukar abin takaici ba tare da ya matsa ko taku ɗaya ba ya dace da wannan matsayi sosai, kuma ɗalibin yau zai gane shi ba sai an yi masa bayani ba.

Datse magana ma a kan kansa ba laifi ba ne. Hamlet ya iso mana a bugu uku da suka saɓa wa juna, na 1603 da na 1604 da na 1623, kuma na farkon bai wuce rabin na biyun da yawa ba. Idan aka yi shi dukansa sai ya haura awa huɗu, shi ya sa kusan kowane darakta yake ragewa. Abin tambaya a kullum shi ne mene ne aka datse, kuma don me.

A nan nake so ku tuna da wata 'yar gajeriyar fitowa a tsakiyar shirin, wadda ban ji kowa ya ambata ba. Dattijon da ke fitowa a matsayin Kiriyon yana zaune a ɗakin gwaji da takardarsa a cinya, an ja wa kusan shafi guda layi da fensir, ya dafa wurin da babban yatsa yana roƙon darakta a mayar masa da shi. Darakta ya amsa masa cewa yara ba za su jure wa dogon jawabin siyasa ba, kuma yana so su kasance tare da yarinyar tun daga mintin farko. Dattijon ya yi shiru, ya ninke takardar, kyamara kuma ta wuce ɗakin ɗinki tana nuna mana yadda ake auna kwat. To, wannan shafin da aka soke shi ne jawabin Kiriyon na farko, kuma shi ne ƙashin bayan wasan. A cikinsa mutumin yake magana da garin da jiya-jiya ya tsira daga hannun mahara, yana cewa ba a sanin halin mutum sai an gwada shi da mulki, shugaban da tsoro ya rufe wa baki ba shi da amfani, kuma wanda ya fifita amininsa a kan ƙasarsa ba abin girmamawa ba ne, domin sai ƙasa ta tsaya da ƙafarta ake samun damar yin aminci ma. Wace magana ce a cikin waɗannan mai hankali zai ƙi? Mutanen Atens ba su ji ta a matsayin maganar azzalumi ba. Kimanin shekara 100 bayan an rubuta wasan, fitaccen mai jawabin nan Dimostinis ya sa aka karanta waɗannan layuka a gaban kotu a matsayin misalin yadda ɗan ƙasa nagari ya kamata ya kasance.

Kuma ba za a ce ƙarancin lokaci ne ya jawo ba, tunda wasan gaba ɗayansa bai wuce layi 1,350 da 'yan kai ba, abin da ake gamawa cikin awa ɗaya da rabi ko kusa da haka. An soke jawabin ne domin a sauƙaƙa wa ɗan kallo hukunci, a nuna masa mugu tun kafin ya fara tunani.

Sakamakon kuwa shirin da kansa ya nuna mana shi, ko da yake masu shirin sun ɗauke shi a matsayin nasara. A ƙarshe an tare wata ɗaliba a bakin ƙofa, ta ce tun shigowar sarki ta san mugu ne, kuma ta ji daɗi da ta gan shi yana kuka. Aka sa wa maganarta kiɗa mai taushi aka rufe da ita. Yarinyar ba ta da laifi, abin da aka ba ta ta karɓa. Amma ku dubi ginin wasan: Antigoni tana barin dandamali ne bayan an ci wajen kashi biyu cikin uku, ba ta sake dawowa, sauran lokacin duka na Kiriyon ne, har zuwa inda ya shigo ɗauke da gawar ɗansa. Idan ɗan kallo ya tsane shi tun farko, wannan ƙarshen ya zama ramuwar gayya kawai, ana murna mugu ya ga sakayya. Idan kuwa ya fara da gyaɗa masa kai, yana cewa lallai mutumin nan yana da hujja, sannan ya ga yadda hujjar ta rikiɗe ta zama taurin kai taki bayan taki, har ya daina jin maganar ɗansa da ta dattawa, to a lokacin ne tsoro zai kama shi, domin zai ga cewa shi ma da ya hau wannan kujera yana iya bin wannan hanya. Wannan tsoron shi ne abin da Sofokilis ya gina, kuma shi aka cire.

Ita ma Antigoni marubucin bai wanke ta fes ba. Tana yi wa 'yar'uwarta Ismini magana mai zafi, tana ƙin yarda ta raba hukuncin da ita, kuma dab da tafiyarta kogo tana faɗin cewa da miji ne ko ɗa ya mutu ba za ta saɓa wa doka haka ba, domin ana iya samun wani mijin ko wani ɗan, amma ɗan'uwa ba ya samuwa bayan iyaye sun rasu. Wannan magana ta daɗe tana damun masu karatu, har wasu suka yi fatan a ce ba Sofokilis ne ya rubuta ta ba, daraktoci da yawa kuma suna tsallake ta. Ni ina ganin a bar ta, domin ita ce ke nuna mana mutum ce mai rauni da ruɗewa a gaban mutuwa, kuma gaskiyarta game da haƙƙin gawa ba ta ragu da komai ba saboda haka.

Tarihi ya nuna mana abin da wasan nan ke iya yi idan aka bar wa kowane ɓangare ƙarfinsa. A watan Fabrairun 1944, lokacin da sojojin Jamus ke riƙe da birnin Faris, Jean Anouilh ya fitar da nasa Antigoni, 'yan wasa suna sanye da kayan zamani. Masu tace wasanni na Jamusawa suka bar shi ya wuce, domin Kiriyon ɗinsa mutum ne mai hujja da ke cewa dole wani ya riƙe ragamar ƙasa ko da aikin ƙazanta ne, yayin da 'yan kallo da yawa suka ga 'yan gwagwarmayar ƙwatar Faransa a jikin yarinyar da ta ce a'a. Mutane biyu za su zauna kujera kusa da kujera, su fita kowa da abin da ya gani, kuma an ci gaba da wannan gardama har bayan an 'yantar da birnin a watan Agustan shekarar. A kurkukun tsibirin Robben kuma, inda Nelson Mandela ya zauna daga 1964 zuwa 1982, fursunoni sun taɓa yin wannan wasa, kuma Mandela da kansa Kiriyon ya fito. Mutumin da gwamnati ta ɗaure saboda ya ƙi bin dokar zalunci shi ne ya tsaya yana faɗin hujjar mai mulki a gaban 'yan'uwansa fursunoni, shekaru kafin ya zama shugaban ƙasa a 1994. Da an soke wannan shafin a takardarsu, da ba shi da abin da zai faɗa.

Irin gyaran da daraktan shirinmu ya yi ma yana da kakanni. A 1681 wani marubuci mai suna Nahum Tate ya ga cewa ƙarshen wasan Sarki Liya na Shekisfiya ya yi wa mutanen zamaninsa nauyi, sai ya gyara shi: 'yar sarki ba ta mutu ba, ta yi aure, tsohon ya rayu, an kuma cire wawan sarki ɗungurungum. Mutane suka so shi ƙwarai, gidajen wasa suka cika, kuma wannan gyararren ne ya mamaye dandamalin Ingila fiye da shekara 150, sai a 1838 aka dawo da rubutun Shekisfiya tare da wawan. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya sa wa Liya nektayi, amma an cire wa wasan zuciyarsa, kuma dalilin da aka bayar shi ne dai wanda muka ji a ɗakin gwajin nan, wato 'yan kallo ba za su iya ɗauka ba.

Hajiya, natsuwar yaran nan ba ƙaramin abu ba ce, kuma ƙungiyar ta cancanci yabo a kanta, domin riƙe hankalin ɗaki cike da matasa har a gama wasa aiki ne da ba kowa ke iyawa ba. Abin da na so in gani, wanda shirin bai nuna ba, shi ne yaran suna fita suna musu a junansu, wannan yana cewa sarki ya yi daidai tunda maci amanar gari ne, waccan tana cewa gawa ba ta da laifi. Matasa sun fi kowa sanin rikicin bin doka da bin abin da zuciya ta tabbatar, kullum suna cikinsa, saboda haka raina musu hankali ne a ce ba za su jure wa hujjar ɗaya ɓangaren ba.

Game da tambayarki ta kyamara kuwa, amsata ita ce abu ne mai amfani ƙwarai, amma wani abu ne daban. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasar Birtaniya ya fara haska wasanninsa kai tsaye a gidajen sinima a watan Yunin 2009, kuma a 2020, lokacin kullen korona, ya riƙa sakin wasu kyauta a YouTube, mutanen da ba za su taɓa taka ƙofar gidan ba suka gani daga ɗakunansu. Ba zan taɓa raina wannan ba. Sai dai a gaban dandamali idonka naka ne, kai ke zaɓen wanda za ka kalla, kana iya barin mai magana ka zuba wa wanda ya yi shiru a gefe ido, ɗan wasa kuma yana jin numfashinku da tarinku yana daidaita muryarsa da su. A allo kuwa wani ne ya riga ya zaɓar maka. Ku lura da guntun da aka nuna mana na sinimar: duk lokacin da Kiriyon ke magana, kyamara tana kan fuskar Antigoni tana hawaye, muryarsa kawai muke ji daga gefe. Wato abin da fensir ya fara a ɗakin gwaji, kyamara ta ƙarasa shi. Mai ɗaukar wasan dandamali ya kamata ya yawaita ja da baya, ya bar mutum biyun a cikin hoto ɗaya yayin da suke ja-in-ja, ko da hakan zai rage kyan hoton.

Ƙanena, maganarka ta a rubuta sabo ina bayanta ɗari bisa ɗari, sai dai sabon da tsohon ba kishiyoyi ba ne. Sofokilis bai ƙirƙiri labarin gidan sarautar Tibis ba, tsohon labari ne da 'yan kallonsa suka sani tun suna yara. Shekisfiya ma daga littattafan tarihi ya ɗebo yawancin labaransa. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasar Najeriya, Ola Rotimi ya ɗauki labarin Idifas, mahaifin Antigoni, ya dasa shi a masarautar Yarbawa, ya fito da wasan da ake karantawa a makarantu har yau. A 1973 Athol Fugard da John Kani da Winston Ntshona suka gina sabon wasa a Afirka ta Kudu a kan fursunoni biyu da ke gwajin Antigoni a ɗakin kurkuku, a zamanin da faɗin gaskiya a fili ke kai mutum gidan yari. Julius Nyerere yana kan mulkin ƙasarsa ya fitar da fassarar Yuliyas Kaisar da Suwahili a 1963, kuma a 2012 gidan Globe na yanzu ya tara wasannin Shekisfiya 37 cikin harsuna 37, har da Yarbanci da Suwahili da Larabcin Juba. Waɗannan mutane ba ƙarancin labari ne ya kai su ga tsohon wasa ba. Sun tarar da rikicin da aka gina da ƙwarewa, wanda ke ba su damar faɗin abin da ke damun zamaninsu. Sofokilis ya rubuta wasanni fiye da 120, bakwai kawai suka iso mana cikakku, kuma sun iso ne saboda ƙarni bayan ƙarni an samu masu zama su kwafe su da hannu. Mai son rubuta sabon wasa zai ƙaru sosai idan ya zauna ya ga yadda aka ba maƙiya biyu kowa hujjar da ba ta karyuwa cikin sauƙi, domin wannan ita ce dabarar da ta fi wuyar koyo a sana'ar.

Shawarata ga zauren nan ita ce, kafin zamanmu na gaba kowa ya nemi fassarar wasan cikakkiya ya karanta, yamma ɗaya ta isa, ya kuma tsaya sosai a kan jawabin Kiriyon na farko da musunsa da ɗansa Haimon. Idan mun haɗu sai mu raba kanmu biyu. Malam, ina roƙon ka riƙe ɓangaren sarki ka kare shi iyakar ƙarfinka, Hajiya ta riƙe na Antigoni, ƙanenmu kuma ya zauna a matsayin 'yan amshi ya faɗa mana wanda ya fi gamsar da shi da dalilinsa. Na gode da haƙurin saurare. Wassalamu alaikum.